Maganar da Inna Ta Kasa Faɗa wa Ɗan Farinta

Haɗeja, ranar Laraba.

Zuwa ga Yayana Bukar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta. Allah ya sa takardar nan ta same ka zaune lafiya a cikin jirgi, ya sauke ku Kano lafiya kai da Kawu Sale, ya kare ku daga sharrin hanya da abin da ke cikinta. Na roƙi Kawu kada ya miƙa maka ita sai jirgi ya bar Malam Madori, don na san in a gida ne ba za ka karanta ba.

Ni ce Dije. Wasiƙar ta Inna ce, nawa rubutun ne kawai. Amma kafin in fara nata akwai wata magana tawa da ban taɓa gaya wa kowa ba. Yaya, ni ce na gaya wa malamin asibiti. Ranar da aka aike ni karɓo maganin gyambon ƙafarka, ya ce mini, “Yaya jikin mai iskar nan naku?” Na tsaya ina kallon ƙasa har ya juya zai kira na bayana. Sai na ji bakina ya ce, “Ba iska ba ce, Malam. Wiwi yake sha, yana kuma jiƙa ’ya’yan zaƙami.” Ka sa na rantse ba zan faɗa ba, na kuma faɗa. Na yi azumin kaffara kwana uku, na ce wa Inna ramuwa nake yi. Daga maganar nan ne aka kai ka gaban likita Bature da ya zo rangadi, shi kuma ya rubuta takardar da za a karɓe ka da ita a asibitin Kano. Don haka in fushi za ka yi, da ni za ka yi. Ka daina ƙin amsa gaisuwar Kawu, bai san komai ba.

Ga yadda wasiƙar ta samu. Shekaranjiya kana zaure da Kawu ka ce masa, “Ku kai ni ɗin. Ina sauka zan ɓace muku a cikin Kano. Wa zai neme ni? Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba?” Inna tana bayan zana tana tankaɗe, ta ji. Jiya da hantsi, da ta gama juya kifin da ke kan wuta, sai ta kira ni bayan rumbu ta ce, “Ɗauko abin rubutun nan naki.” Na ɗauko. Ta ce, “Ki ce masa ina gaishe shi.” Na ce, “Inna, ba a yin wasiƙa da ‘ki ce masa’. Ki yi magana kamar yana zaune a gabanki.” Ta ce, “Ai da yana zaune a gabana da ban yi ba.” Sai ta juya mini baya, ta fuskanci rumbu, sannan ta iya farawa.

Daga nan maganarta ce, yadda ta faɗa.

Ina gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya rufa maka asiri, ya ba ka lafiyar da ta fi wadda ka rasa.

Na ji abin da ka ce wa Kawunka. Ban ji haushi ba. Na zauna na duba, na ga da ni ce kai, abin da zan ce ke nan. Shi ya sa zan gaya maka wuraren da na yi kuskure, iya waɗanda na gane. Ba don ka ji tausayina ba. Ina so ka san kayan da suke nawa, kada ka ɗauke su a kanka ka tafi da su Kano.

Kai ne ɗan farina. Yadda muka tashi muka tarar, ɗan fari ba na uwa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya yi kuka sai an ce mata “tashi ki ba shi” sannan ta tashi tana ɓata rai kamar an sa ta dole. Na iya wannan abu ƙwarai, har yabona ake yi. Kakarka Yagana takan ce wa mata, “Ku zo ku ga kunya wajen matar ɗana. Ko inda yaron nan yake ba ta kallo.” Ni kuwa in ji kaina ya yi girma. Da aka yaye ka ta ɗauke ka, ba ka dawo ɗakina ba sai da ta rasu, kana da wayonka. Ka dawo ka tarar da matar da ke ce maka “wannan” da “yaron nan”. Ka ga ina goya Dije, ina yi mata waƙa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda abin yake a idonka ba. Na ɗauka ka sani, kamar yadda kowa ya sani, cewa al’ada ce. Ashe yaro ba ya ganin al’ada, abin da aka yi masa yake gani.

Ba na zagin iyayenmu da suka koya mana kunya. Kunyar tana da wurinta. Kuskurena shi ne ban san ranar da ya kamata in ajiye ta ba.

Ranar kuwa ta zo, na gan ta sarai. Kakar gyaɗar da ka fara zuwa dako a tashar Malam Madori, ka dawo da ido jajur, kana dariya ba a ce komai ba, kana cin tuwo a tsaye a bakin tukunya. Na ɗauki rigarka zan wanke, na ji ƙunshi a aljihu. Na buɗe, na shinshina. Na san taba, wannan ba taba ba ce. Na taɓa jin mata suna cewa tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙin Bama da direbobin gyaɗa suna da wani ganye da suke ba ’yan dako don kada su ji nauyin buhu. Na gane shi ne. Ka san abin da na yi? Na wanke rigar, na shanya, da ta bushe na mayar da ƙunshin cikin aljihun da na same shi, na ninke ta na ɗora maka a kan tabarma.

Sai na aika aka kira Kawunka. Na ce, “Yaya, ka yi wa yaron nan magana.” Ya ce, “Maganar me?” Na ce, “Kai dai ka yi masa.” Ya ce, “Hauwa, ni boka ne da zan san abin da ke cikinki?” Ko ga ɗan’uwana na kasa buɗe baki in yi doguwar magana a kan ɗan farina. Shi kuwa ya dube ka sama da ƙasa ya rasa laifinka, sai ya zaunar da kai ya yi maka wa’azi mai tsawo a kan tara gashin kai. Washegari ka je aka yi maka aski tas. Kawunka ya zo yana cewa, “Kin gani? Yaron nan yana jin magana.”

To, ka ji. Da a ranar na tsaya a gabanka da ƙunshin nan a hannuna na ce, “Mene ne wannan?” ban san ko da ka bari ba. Amma da ka san akwai wadda ta gani, kuma ta damu. Abin da nake so da kai a Kano shi ne kada ka yi irin tawa. Kada ka aiki Kawunka da maganarka. In likita ya tambaye ka, kai za ka amsa da bakinka: abin da kake sha, tun yaushe, sau nawa a yini, da abin da kake gani in ka sha zaƙamin nan. Ko da tafinta ne a tsakaninku, ka dubi likitan ka faɗa. Maganar da aka bi da ita ta hannun wani, a wajen wanzami take ƙarewa.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne ya bar maka tabo a ƙafa.

Ka tuna ranar da ka shiga kogi da rigarka, a wajen da masunta ke sauke kifi, kana ihu wai buhunan gyaɗa na bin ka. Wataƙila ba ka tuna ba. Masunta abokan ubanka ne suka tsamo ka, suka kawo ka gida a ɗaure da igiyar taru. Gida ya cika da mata. Sai wata tsohuwa ta ce, “Mutanen ruwa ne. Ai gidan nan suna da tsohuwar hulɗa da su.” Nan take kowa ya ce haka ne. Ni kuwa da na san abin da ke aljihunka, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Mai iska ana tausayinsa, ana kawo wa uwarsa kunu da sannu. Mashayi kuwa gidansu ake nunawa da baki. Na zaɓi abin da zai sa a yi mini sannu.

Haka muka ɗora ka a jaki muka kai ka wajen malamin nan na ƙauyen kusa da Miga. Ba zan ci namansa ba. Ranar farko ya keɓe ni ya ce, “Baiwar Allah, ɗanki yana shan wani abu?” Na ce, “Allah ya kiyaye, Malam, ko goro bai dame shi ba.” Ya yi aiki da abin da na gaya masa. Da ka fara ƙoƙarin gudu aka sa maka marin ƙarfe a ƙafa. Wata huɗu.

Duk bayan mako biyu nakan zo da gero da busasshen kifi. Kana ƙarƙashin rumfa, ni ina zaune nesa da matar malam, na ba ka gefe. Ran nan ka ce, “Inna, ƙafata.” Na ji ka. Wallahi na ji ka har cikin hanjina. Sai na juya na ce wa matar malam, “Ki sa a duba ƙafar yaron nan.” Ka sake cewa, “Inna.” Na tashi na shiga gyara ɗaurin jaki. Da muka kama hanyar gida na yi kuka tun daga bakin ƙauyen har gonakin shinkafa, amma wannan kukan me ya yi maka? Kai ba ka gan shi ba. Abin da ka gani bayana ne.

Malamin ne da kansa ya ce in ɗauke ka. Ya ce, “Na yi shekaru ina wannan aiki, na san mai iska. Akwai abin da kika ɓoye mini. Ki tafi da ɗanki kafin ƙarfen nan ya ci masa ƙashi.” Ka dawo gida da gyambo a ƙafa biyu, ba a yi mako uku ba ka koma wajen mutanen tasha, da ɗingishinka. Na ce a raina ba ka da kirki. Yanzu nakan ce, in ba can ba, ina za ka je? Su ne suke kiran sunanka in ka shigo.

Ina neman gafararka a kan wata huɗun nan. Ban ce ka yafe yau ba. Ka riƙe, ka duba, ranar da ka iya sai ka yafe.

Na san abin da kake tsoro ke nan a Kano, kada a sake ɗaure ka. Na je da kaina wajen malamin asibiti na tambaye shi. Ya ce yanzu akwai wani magani da ake bayarwa mai kwantar da kai, ana kuma zama a yi magana da mutum, kuma shi bai ga dalilin da zai sa a ɗaure wanda ya zo da ƙafarsa ba. Na ce ya rantse. Ya ce, “Inna, ba zan rantse a kan wurin da ba ni nake riƙe da shi ba.” Na ji daɗin da bai rantse ba, don na gane ba mai yaudara ba ne. Shi ya sa Kawunka zai zauna mako guda a gidan abokinsa mai sayar da kifi, yana zuwa kullum yana dubawa da idonsa. In ka ga abin da ba daidai ba, ka gaya masa. Amma kada ka gudu. Na sa a jakarka rubutun sha da limaminmu ya yi maka. Ka sha shi, ka sha na asibiti. Duk na Allah ne, ba sa faɗa da juna.

Yanzu maganar ubanku. Dije ma ba ta taɓa jin ta ba. Na ji fensir ya tsaya. Rubuta, yarinya.

Kun tashi kun ji cewa ruwa ne ya ci shi. Ruwan ne ya ci shi, wannan gaskiya ne. Amma mutumin da ya girma a kan goran da masunta ke hawa a ruwa, wanda yake ƙetare kogin nan da tsakiyar damina da komarsa ta kamun kifi a hannu ɗaya, ban san yadda ruwa zai ci shi da hantsi, sama garau, a wurin da bai kai masa wuya ba. Ban gani ba, kuma ba zan ɗora masa abin da ban gani ba. Allah ne ya sani, Allah ya jiƙansa. Abin da na gani da idona shi zan faɗa. Wasu shekarun, in an gama girbi, sai wani nauyi ya sauko masa. Ya zauna a zaure, ba fita kamun kifi, ba magana, tuwo ya huce a gabansa. Wata ɗaya, wata biyu. Sai kuma ya tashi kamar ba shi ba, ya yi ta aiki da surutu ba hutawa, ya raba kifinsa kyauta a kasuwa. In abokansa sun zo tambaya sai in ce zazzaɓi ne. Sau ɗaya tak ya buɗe mini cikinsa. Ya ce, “Hauwa, ji nake kamar an cika mini ƙirji da laka.” Na ce, “Malam, yi shiru, kada a ji.” Abin da na ce masa ke nan. Ya kuwa yi shirun.

Ubanku bai taɓa shan komai ba, ko taba. Na faɗi wannan ne don ranar da likita Bature ya duba ka, ya sa tafintansa ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan ciwo a dangi. Na ce babu. Har a ranar, bayan duk abin da ya faru, bakina ƙarya ya fara kawowa. To ka gyara mini ita. Ka gaya wa likitan Kano yadda ubanka yake, kamar yadda na faɗa maka yanzu. Ni ban sani ba ko hayaƙin ne ya kawo maka ciwon, ko ciwon ne ya kai ka ga hayaƙin. Na tuna tun kafin ka san tasha kakan yi kwanaki ba ka son magana, in ce miskilanci ne. Su da suka yi karatun abin sai su duba. Amma ba za su duba abin da aka ɓoye musu ba.

In kuma ka ji irin wannan lakar a ƙirjinka, ka faɗa. Ka faɗa wa likita, ka faɗa wa mai raba magani, ka faɗa wa wanda ke kwance kusa da kai. In wani ya ce maka yi shiru, ka wuce shi ka faɗa wa na gaba. Ba abin kunya ba ne ubanka ya yi ciwo. Mutumin kirki ne, kai ma ka san hannunsa a kanka. Abin kunyar nawa ne da na rufe masa baki.

Akwai kuma wani abu da na ɗauka na sani ashe ban sani ba. Na ɗauka ƙin bari kake yi. Nakan ce a raina, abin da mutum yake kai wa bakinsa da hannunsa, in ya so ai sai ya daina. To watan jiya na ce bari in gwada in ji. Ka san garin tabar nan da kanwa da nake sa wa a bayan leɓe. Na ba Dije battar na ce ta ɓoye. Ranar farko na zagi kaji har da waɗanda ba namu ba. Rana ta biyu na ƙona kifin mutane.

Yaya, ni Dije ce nan, don Inna ta ce in tsallake rana ta uku, ni kuma na ce sai na rubuta, ta ce in yi abin da na ga dama. Rana ta uku ta same ni a madafa ta ce, “Ke ’yar boko, ina battata?” Na ce, “Inna, ke kika ce ko kuka kika yi kada in ba ki.” Ta ce, “To kin ga na yi kuka? Ba ni abata.” Na ba ta. Daga nan maganar Inna ce kuma.

Na karɓa na sa, na zauna ina jin kunyar ’yar cikina. Garin taba fa ke nan, abin tsofaffin mata. Kwana uku ya kayar da ni. Sai na tuna kai da nake cewa ba ka da zuciya. Na sake miƙa mata battar. Yau kwana tara, kuma har yanzu harshena yana zuwa wurin yana nema. Don haka ban ce maka abu ne mai sauƙi ba. Kwanakin farko za ka ji kamar ka fasa bango. Malamin asibiti ya ce yana raguwa, ni ma na fara ganin alama. In ka faɗi, wani ya shigo da shi ka karɓa, kada ka ce shi ke nan an gama, tunda na ɓata bari in ɓace. Ka je ka ce, “Na sha.” Ka sake farawa daga nan. Ni ma sau biyu na fara.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ka riƙe salla ko a zaune ne. Ka ci abin da aka ba ka, ko miyarsu ba ta kai tamu ba, don na ji an ce Kanawa ba su san kifi ba sai a labari. Akwai dakakken kifi da yaji a ƙullin baƙin ƙyalle, ka riƙa barbaɗawa, ka ɗiba wa na kusa da kai. Ka wanke gyambon nan kullum, kada ka bari ƙuda ya hau. In ka ga wani daga cikin mutanen tasha a Kano, don direbobin nan ba inda ba sa zuwa, ku gaisa a tsaye. Ban ce mugaye ne ba, su ma ’ya’yan wasu ne, amma yanzu ba ka da ƙarfin zama da su.

In ka dawo ba za ka koma dako ba. Gonar fadama tana nan, Kawunka zai riƙe ta bana, baɗi kai za ka shuka shinkafarka. Mutane za su yi magana, za a ce ga wanda aka kai Kano. Na riga na fara rage musu aiki. Da maƙwabta suka tambaye ni ko ci-rani za ka, na ce a’a, asibiti za a kai ka, shaye-shaye ne ya taɓa maka kai. Tsohuwar nan ta ce, “Ashe ba mutanen ruwa ba ne?” Na ce, “A’a, Iya, a bar mutanen ruwa su huta, ba ruwansu.” Ba wanda ya kawo mini kunu, kuma ban mutu ba.

Ka zauna har likita ya ce ka tafi. Ko wata uku ne, ko shekara. In sun sallame ka ka hau jirgi ka dawo. Ban ce sai ka warke tas za ka dawo ba. Ko da saura, ka dawo da saurar, mu ci gaba a nan. Ɗakinka ba za a zuba gero a ciki ba.

Ka ce wa Kawunka wa zai neme ka. Ni ban taɓa shiga jirgi ba, ban taɓa wuce Miga ba. Amma in aka aiko mini cewa ka ɓace, zan ɗaura zanena in hau motar Malam Madori, in shiga jirgin nan mai hayaƙi. In na sauka zan bi kasuwa rumfa rumfa, in bi tasha, in bi ƙofar kowane masallaci, ina kiranka da sunan da aka raɗa maka ranar suna, da ƙarfi, har mutane su taru su ce ga wata mahaukaciya daga Haɗeja. Ba zan dawo ba sai da kai. Ko da ka ɓuya kana jina ka ƙi fitowa, gobe ma zan fito in kira. Don haka in ba ka so uwarka ta yi yawo a titin Kano tana ihu, ka zauna inda aka ajiye ka, ka sha maganinka.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya sa hannun da zai taɓa ka ya zama mai tausayi. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mini da kai lafiya. Amin.

Yaya, ni Dije ce kuma. A nan maganar Inna ta ƙare. Da ta gama sai ta ce in karanta mata tun daga farko. Na karanta nata, tana ta gyaɗa kai tana kallon rumbu. Maganar mari ba ta ce komai ba, maganar Baba ma haka. Da na zo wajen da ta ce za ta bi kasuwa tana kiranka, sai ta rufe fuska da gefen mayafi ta ce, “Wayyo, ni na faɗi wannan? Goge, goge. In Kawunku ya leƙa ya gani, da wane ido zan dube shi? Ki bar masa na shan magani kawai.” Na ce to. Na ɗauki magogi na goga a gefen takarda inda babu rubutu, na hure. Ta ce, “Ya fita?” Sai kawai na ninke takardar. Ita kuma ta tashi da sauri don kifinta ya fara ƙauri.

Ina yi maka addu’ar da ta yi maka, Allah ya kai ku lafiya. Ka ga dai ban goge ba. Gobe in motarku ta tashi zan gaya mata na bar shi, kuma yana hannunka. Ta yi mini faɗan, ba komai.

Ƙanwarka,
Dije